Makaɗan Sha'awa da Fahimtar Gwanintar Kiɗan Rok

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wani rukunin makaɗa wanda manazarta ba su faye waiwayarsa ba, watau mutanen da kan haɗu su huɗu ko biyar su kafa ƙungiyar kiɗan rok don sha'awa kurum, alhali kuwa kowannensu ɗan makaranta ne, ko kuma yana da wata sana'a dabam da yake ci da ita. Shi kiɗan rok a Amurka aka haife shi cikin shekarun 1950, daga kiɗan buluz na baƙaƙen fatar ƙasar da kuma kiɗan Turawan karkara, sa'an nan samarin Ingila suka karɓe shi suka yi masa sabuwar ƙira. Saboda haka a ƙasashen nan biyu zancenmu zai fi zama. Zamanin da za mu duba kuwa shi ne daga wajen 1956 zuwa 1980, wanda masu sha'awar kiɗan suka ɗauka shi ne lokacin ganiyarsa.

Abin da nake so in nuna guda ɗaya ne. Gwanintar da ke cikin fayafayan wancan zamani akasarinta a ɓoye take ga wanda ke saurare da kunne kawai. Mai saurare hankalinsa kan tafi ga mawaƙi, ko ga mai jitar da ke tsaye a gaba yana wasa da yatsu. Sai ranar da mutum ya ɗauki jita ko sandar ganga, ya tara abokai suka ce za su kaɗa waƙar nan da kansu, sa'an nan yake gane wuyar aikin tana wurin haɗuwar hannuwa, watau yadda makaɗa uku ko huɗu ke zama a kan bugu ɗaya. Ke nan ƙungiyar sha'awa wata irin makaranta ce ta koyon saurare, ko da kuwa ba za ta taɓa fita daga garejin da take gwaji ba.

Kafin mu yi nisa ya kamata a warware wata kalma. A wurin Bahaushe, idan ana zancen makaɗi, tambayar da akan fara yi ita ce, ɗan gado ne ko ɗan haye? Wannan rabo ba shi da amfani a kiɗan rok, domin kusan dukan manyan makaɗansa 'yan haye ne. Ko wanda ubansa ya taɓa kiɗa, kamar Paul McCartney, ba kiɗan uban ya gada ba. Rabon da ake yi a can shi ne tsakanin mai cin abinci da kiɗa da wanda ba ya ci da shi, kuma na biyun nan shi nake kira makaɗin sha'awa. To amma ko wannan iyaka ba ta da shinge. Ruth Finnegan, wadda da yawa daga cikinmu muka sani ta hanyar littafinta na 1970 a kan adabin baka na Afirka, ta yi bincike a garin Milton Keynes na Ingila a farkon shekarun 1980, ta fitar da littafi mai suna The Hidden Musicians a 1989. Ta tarar garin cike yake da ƙananan ƙungiyoyin kiɗa da ba a jin labarinsu a jarida, kuma ta nuna cewa tsakanin ɗan sha'awa da mai sana'a hanya ce miƙaƙƙiya, mutum kan matsa gaba ko ya ja da baya. Ba abin mamaki ba ne a ce mai nazarin adabin baka ce ta hango su, tun da yake ta saba neman fasaha a wurin da ake aiwatar da ita, ba ta dogara ga abin da aka rubuta a takarda ba.

2.0 Daga Ina Manyan Suka Fito?

Da yawa daga cikin ƙungiyoyin da ake yi wa kallon gwanaye a yau, in aka bi sawunsu za a iske sun fara ne a matsayin ƙungiyoyin sha'awa. A Ingila ƙofar da samari suka shiga ta cikinta ita ce wani kiɗa da ake kira sikiful. Lonnie Donegan, wanda yake kaɗa banjo a ƙungiyar jaz ta Chris Barber, ya ɗauki wata tsohuwar waƙar Amurka mai suna "Rock Island Line" a 1954, ta kuma yi farin jini ƙwarai a 1956. Abin da ya ja hankalin yara shi ne arhar kayan kiɗan. Jita ɗaya maras lantarki ta isa. Maimakon ganga sai a goga allon wanki da yatsu, maimakon babbar goge mai kaurin murya sai a sami akwatin ganyen shayi, a kafa masa sandar tsintsiya, a ɗaura igiya guda. Cikin ɗan lokaci dubban ƙungiyoyi suka tashi a makarantu da unguwannin ma'aikata. Jimmy Page, wanda daga baya ya kafa Led Zeppelin, yana ɗan shekara 13 aka nuna shi a talabijin a 1957 yana irin wannan kiɗa.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Quarrymen, ƙungiyar da John Lennon ya kafa da abokansa na makarantar Quarry Bank a Liverpool. Ranar 6 ga Yuli, 1957, suna wasa a wani bikin coci a unguwar Woolton aka gabatar masa da McCartney, Lennon yana da shekara 16, McCartney 15. Abin lura a nan shi ne abin da ya burge Lennon. Yaron ya iya saita tsirkiyoyin jita yadda ya kamata, kuma ya haddace kalmomin waƙa tun daga farko har ƙarshe. Shi Lennon a lokacin riƙon banjo yake yi wa jita, yadda mahaifiyarsa ta koya masa. McCartney ya sha ba da labarin yadda suka taɓa shiga bas suka ratsa gari don kawai sun ji akwai wani mutum da ya san wani riƙon jita da ba su sani ba. A 1958, bayan George Harrison ya shigo, suka haɗa kuɗin da bai kai fam guda ba suka ɗauki faifai ɗaya tal a ɗakin wani mai sayar da kayan lantarki, suna karɓa-karɓa wajen ajiye shi.

Abin da ya mai da waɗannan yara gwanaye ba darasi ba ne, domin har suka rabu a 1970 ba su karanta rubutun kiɗa. Yawan kiɗa tare ne. A watan Agusta na 1960, sun riga sun zama Beatles, suka tafi Hamburg ta ƙasar Jamus, inda suke kiɗa a gidajen rawa sa'o'i huɗu zuwa shida kowane dare. Wannan horo shi ya sa ranar 11 ga Fabrairu, 1963, suka iya ɗaukar waƙoƙi goma na faifansu na farko a wuni guda. Da suka bayyana a talabijin ɗin Amurka ranar 9 ga Fabrairu, 1964, mutane wajen miliyan 73 suka kalle su, sai abin ya sake komawa inda ya fito: yaran Amurka suka sayi jita da ganga suka cika garejin iyayensu, har aka sa wa kiɗansu sunan kiɗan gareji.

3.0 Kayan Kiɗa da Rabon Aiki

Tsarin da ƙungiyoyin sha'awa suka gada mai sauƙi ne. Akwai jitar gaba, wadda ke fitar da kari ta kuma yi wasa ita kaɗai a tsakiyar waƙa. Akwai jitar rakiya, mai kaɗa tsirkiyoyi da yawa tare don cike fili. Akwai jitar bes, mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda kamfanin Fender ya fitar da irinta a 1951, kafin ya fitar da jitar Stratocaster a 1954. Sa'an nan akwai jerin ganguna da mutum ɗaya ke kaɗawa a zaune: babbar ganga ta ƙafa, ƙaramar ganga mai zirin waya a ƙasanta, 'yan ganguna na ado, da fayafayan tagulla, ciki har da wasu guda biyu da ake buɗewa a rufe da ƙafar hagu.

Zan yi amfani da kalmomi uku don sauƙin bayani. Kamu shi ne danne tsirkiyoyi a kaɗa amo uku ko fiye a lokaci guda. Zango shi ne ƙidayar bugu huɗu wadda kiɗan ke tafiya a kanta, kuma a rok bugu na biyu da na huɗu ake ƙarfafawa da ƙaramar ganga. Take kuwa ita ce kalmar da na zaɓa wa gajeren karin jita da ake maimaitawa, domin da shi ake gane waƙa tun kafin mawaƙi ya buɗe baki, kamar yadda ake gane mutum da takensa. Waƙoƙi masu yawa na farkon rok kamu uku kawai suke da shi, a kan zubin buluz na zango 12. Wannan sauƙi shi ne ke yaudarar mai koyo.

4.0 Faifai a Matsayin Malami

H. Stith Bennett, wanda ya yi nazarin ƙananan ƙungiyoyin rok a Amurka ya kuma fitar da littafi a kansu a 1980, ya nuna cewa makaɗin rok daga faifai yake ɗaukar karatu. Yakan zauna shi kaɗai ya sa allurar garmaho, ya ɗaga, ya mayar, har ya kamo abin da yake nema. Wasu kan rage gudun faifan daga juyi 33 zuwa 16 a minti, sai kiɗan ya yi rabin saurinsa, su iya bin yatsun mai jita ɗaya bayan ɗaya. Bayan haka sai a haɗu a gwada abin da kowa ya kamo. Lucy Green, wadda ta tattauna da makaɗa 14 a Landan da kewayenta a littafinta How Popular Musicians Learn, ta sami abu ɗaya: mai koyo da kansa yake zaɓen waƙar da yake so, da kunne yake kwaikwayo, kuma daga abokansa yake ƙaruwa.

Su ma manyan haka suka yi. Abin da ya sake haɗa Keith Richards da Mick Jagger a tashar jirgin ƙasa ta Dartford a watan Oktoba na 1961 shi ne fayafayan Chuck Berry da Muddy Waters da Jagger yake riƙe da su, kuma daga wata waƙar Muddy Waters ƙungiyarsu ta Rolling Stones ta samo suna. Illa iyaka faifai malami ne da ba a ganin hannunsa. Yana ba ka amo, ba ya nuna maka yadda aka fitar da shi. Saboda haka mai koyo yakan kamo abin da ya yi kama da gaskiya, ya zauna a kansa shekara da shekaru, sai ranar da wani ya tona masa.

5.0 Abin da Gwaji Kan Tona

A nan ne nake so mu ɗan daɗe, domin a nan hujjata take.

Babu taken da masu koyo suka fi kaɗawa kamar na "Smoke on the Water", waƙar Deep Purple da aka ɗauka a Montreux ta ƙasar Siwizalan a watan Disamba na 1971, ta fito a 1972. Yaro kan iya kamo shi a ranar farko da ya riƙe jita. Amma galibi da 'yar robar kaɗawa yake dukansa, yana haɗa tsirkiyoyi masu kauri, sai ya fito da nauyi kamar ana sara. Shi Ritchie Blackmore da yatsu yake fizgar tsirkiya biyu a lokaci guda, ya kuma datse amon nan take, Jon Lord kuma yana bin sa da ogan wanda aka haɗa da na'urar ƙara sauti irin ta jita. Daɗin daɗawa, ƙarfin gabatarwar waƙar yana cikin yadda ake shigowa. Jita ita kaɗai ke farawa, sai ganga ta shigo da kaɗan-kaɗan, bes kuma sai daga baya, tana ta nanata amo ɗaya ba ta bin jita. Ƙungiyar sha'awa da ta ruga gaba ɗaya tun daga bugun farko takan ji abin bai yi armashi ba, ta rasa dalili, alhali kuwa kowa ya kaɗa nasa daidai.

Rolling Stones sun fi wannan wuyar kwaikwayo, ko da yake a kunne sun fi sauƙi. Daga wajen 1968 Richards ya koma wani ɗaurin jita dabam, yana cire tsirkiya ta shida, mafi kauri, ya saita sauran biyar ɗin yadda in an kaɗa su ba tare da dannawa ba za su ba da cikakken kamu. Da wannan ɗauri aka yi "Honky Tonk Women" a 1969 da "Brown Sugar" a 1971. Wanda bai san haka ba zai yi ta murɗa yatsu a kan ɗaurin da aka saba, amon ba zai taɓa fitowa ba. To, a ce ya gano ɗaurin, sai ya ci karo da matsala ta biyu. Bill Wyman, mai jitar bes ta ƙungiyar, ya bayyana cewa sauran ƙungiyoyi mai ganga suke bi, amma su mai gangarsu, Charlie Watts, shi ke bin jitar Richards. Sakamakon haka ganga takan zo a baya da ɗan ƙiris, abin da agogo da ƙyar zai auna amma jiki yana ji. Haka kuma Watts ya saba ɗage sandarsa daga fayafayan tagulla duk lokacin da zai bugi ƙaramar ganga, sai bugun ya fito shi kaɗai tsaf. Mai gangar ƙungiyar sha'awa yakan iya kwaikwayon ɗage sandar a mako guda. Jinkirin nan kuwa na mutum biyu ne, tilas sai da mai jitar da ya san yadda zai ja gaba.

Ringo Starr na Beatles shi ne wanda masu saurare suka fi rainawa, masu ganga kuma suka fi girmamawa. Bahago ne amma yana kaɗa jerin ganguna da aka shirya wa mai dama, saboda haka idan zai zagaya gangunan da hannun hagu yake farawa, sai adonsa ya fito da wata 'yar tangarɗa wadda mai dama ba ya iya yin ta sai da gangan. Wanda ya gwada kaɗa "Ticket to Ride" ta 1965 ko "Come Together" ta 1969 zai ga cewa kiɗan gangar wani ɓangare ne na ginin waƙar. In aka musanya shi da bugun yau da kullum waƙar ta tashi daga kamanninta.

A wurin Led Zeppelin abin ya kai ga lissafi. Taken "Black Dog", a faifansu na huɗu na 1971, John Paul Jones mai bes ne ya tsara shi. A wani wuri cikin waƙar jita da bes suna maimaita wata jimla wadda tsawonta ya ɗan ɗara zangon bugu huɗu, John Bonham kuwa yana nan a kan huɗunsa bai motsa ba, sai su rabu kamar za su ɓata, can kuma su sake gamuwa. Nan ne ƙungiyoyin sha'awa kan wargaje, domin mai ganga yakan ji tsoro ya bi jita, da zarar ya bi ta kuwa shi ke nan. Har ila yau mawaƙi yakan rera shi kaɗai babu kiɗa, sa'an nan kowa ya faɗo tare. Wanda ya kasa kunne sosai zai ji Bonham yana ƙwanƙwasa sandunansa don ya ba su alamar shigowa. Da Bonham ya rasu a watan Satumba na 1980, sauran ukun ba su nemi madadinsa ba, suka sanar da rushe ƙungiyar a watan Disamba na shekarar. A ganina babu shaidar da ta fi wannan nuna matsayin mai ganga a idon waɗanda suka san aikin.

Ko Jimi Hendrix, wanda ake ambato in ana zancen jitar gaba, tushen gwanintarsa rakiya ce. Kafin ya zo Landan a watan Satumba na 1966 ya yi shekaru yana yi wa mawaƙa irin su Little Richard da Isley Brothers rakiya. Yakan zagayo da babban yatsansa ta saman wuyan jita ya danne tsirkiya mai kauri, sauran yatsun su sami 'yancin yin ado a cikin kamun, sai ka ji kamar mutum biyu ke kiɗa. Mai koyo yakan fara da kwaikwayon ƙarar da kukan jitarsa, amma "Little Wing" ta 1967, wadda ke tafiya a hankali, ita ke hana shi barci. Akwai kuma Malcolm Young na AC/DC, ƙungiyar da aka kafa a Sydney ta Ostireliya a 1973. Ƙanensa Angus ne ke tsalle a gaba, shi yana baya kusa da ganga. Kamunsa kowane ɗan koyo ya san su, abin da ke da wuya shi ne shirun da ke tsakaninsu, watau a datse amo a daidai lokaci ɗaya da sauran, a kuma jure kada a cike gurbin. Ni dai ina ganin wannan juriya ita ce ta fi ƙaranci a ƙungiyoyin sha'awa, inda kowa ke ƙara murya a na'urarsa don ya ji kansa, har a wayi gari ba mai jin kowa. Ba a nan kaɗai ɓarnar ƙarar take ba. Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya daɗe yana fama da ciwon kunne a sanadinta.

6.0 Rashi da Kuskure

Wani abin da ke ƙarfafa wa ɗan sha'awa gwiwa shi ne, da yawa daga cikin amon da yake ƙoƙarin kwaikwayo rashi ne ya haife su. Dave Davies na Kinks yana ɗan shekara 17 ya tsaga takardar lasifikarsa da reza, daga nan aka sami gurnanin jitar da ke cikin "You Really Got Me" ta 1964. Brian May na Queen shi da mahaifinsa suka sassaƙa jitarsa a farkon shekarun 1960 da katakon tsohon murhu, kuma da tsabar sisi yake kaɗa ta. Tony Iommi na Black Sabbath injin masana'anta ne ya yanke masa kan yatsu biyu yana shekara 17. Ya yi musu hula da roba, ya koma ga tsirkiyoyi marasa kauri, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don rage zafi, sai amon ya yi ƙasa ya yi duhu, har wasu ƙungiyoyi masu lafiyayyun yatsu suka mai da shi salo.

Kuskure ma yakan shiga faifai ya zauna. A "Louie Louie" da Kingsmen suka ɗauka a Portland a 1963, mawaƙin ya shigo kafin lokacinsa bayan wasan jita, ya ankara ya tsaya, mai ganga ya rufa masa asiri da ado. Waƙar ta kai matsayi na biyu a jerin waƙoƙin Amurka, kuma ƙungiyoyin gareji da yawa sun koye ta har da kuskuren. Kada dai a ɗauka ina cewa duk kuskure fasaha ne. Gwanintar a nan ta mai gangar ce, da ya ji abokinsa ya zame ya tare shi kafin waƙar ta faɗi.

7.0 Legas, Agadas da Zamanin Intanet

Wannan hanya ta koyo ta iso ƙasashenmu. A Legas 'yan makarantar St. Gregory's ne suka kafa Ofege, suka fitar da faifan Try and Love a 1973 suna ɗalibai. A Nijar kuwa Bombino na Agadas ya koyi da yawa daga kallon bidiyon Hendrix da Mark Knopfler, Mdou Moctar kuma da wayar birkin keke ya ɗaura jitarsa ta farko. Ƙungiyar da ya yi faifan Afrique Victime da ita a 2021 mutum huɗu ce, jitar gaba da ta rakiya da bes da ganga, watau tsarin da muka bayyana a sama, ko da yake da Tamashek ake waƙar kuma bugun na Abzinawa ne. Sai dai makaɗin jita na Agadas a gidajen biki yake samun horonsa da abincinsa, saboda haka ya fi kusa da Beatles na Hamburg bisa ga yaran gareji. Wannan fage ne da ya cancanci takarda tasa dabam.

Abin da ya sake a yau shi ne an ga hannun malami. Ɗan koyo yakan buɗe YouTube ya ga inda Richards ke ɗora yatsa, ba sai ya shiga bas ya ratsa gari ba. Har ma an sami manhajar kwamfuta da ke rarrabe kayan kiɗan da aka cakuɗa a tsohon faifai. Da irinta aka sake tace faifan Revolver na Beatles, na 1966, aka fitar a 2022. Yanzu mutum yana iya sauraron ganga ita kaɗai ko bes ita kaɗai. Abin da wannan ya fito da shi fili shi ne, akasarin fayafayan wancan zamani ba a ɗauke su da na'urar ƙidayar bugu ba, gudunsu yana hawa da sauka tare da numfashin makaɗan. "Honky Tonk Women" a hankali take farawa, tana tafiya tana ƙara sauri, ƙarshenta ya fi farkonta gudu sosai. Ƙungiyar da ta yi gwajin waƙar da na'urar ƙidaya, ta daidaita ta a kan gudun farko, in ta sa faifan ta ce za ta bi shi, kafin a kai baiti na biyu Watts da Richards sun bar ta a baya.